Masu Kasa Kunne Ga Direbobin Bas A Birnin New York

Duk inda aka ga ɗan Arewa a Kudu, ko mai gadi ne a Ikoyi, ko mai sayar da goro a Agege, ko ɗan canji a Sabo ta Ibadan, da wuya a rasa akwatin rediyo kusa da shi. Tun 1957 da BBC ta buɗe sashenta na Hausa, Jamus ta biyo baya a 1963, Muryar Amurka kuma a 1979, Bahaushe bai raba kunnensa da gajeren zango ba. Amma duk wannan saurare na shirye-shirye ne waɗanda aka tsara musamman domin jama'a su ji.

To, a ƙasar Amurka akwai wasu mutane da nasu sauraren ya sha bamban. Su ba labarun duniya suke nema ba, ba kuwa kiɗa ba. Abin da ke ba su sha'awa shi ne maganar da ma'aikata ke yi wa juna ta oba-oba a bakin aiki: 'yan sanda, da 'yan kwana-kwana, da matuƙan jirgin ƙasa. A cikinsu kuma akwai 'yan kaɗan da suka zaɓi abin da wani zai ce ba shi da armashi ko kaɗan, watau hirar direbobin bas na cikin gari da ofishinsu. Mutum ya taso daga aiki, ya ci tuwonsa, ya zauna yana jin yadda ake ce wa wata mota ta dakata minti uku a tasha kaza. Ba biyansa ake yi ba, shi ne ma ya kashe kuɗinsa ya sayi na'urar.

Akwatin da ba ya zama wuri ɗaya

Sunan na'urar sikana. Rediyo ce mai karɓa kawai, ba a magana da ita. Bambancinta da rediyon da aka saba shi ne ba ta tsayawa a tasha ɗaya. Mai ita zai zuba mata lambobin layukan da yake so, ita kuwa sai ta yi ta tsalle daga wannan zuwa wancan, layi da yawa cikin daƙiƙa ɗaya, tana shiru. Da zarar ta tarar ana magana a wani layi sai ta tsaya, murya ta fito. Ana gama maganar sai ta ci gaba da yawonta. Dalili kuwa shi ne layin ma'aikata ba kamar gidan rediyo ba ne da ke magana dare da rana. Yawancin lokaci shiru ne, sai can a ji wani ya faɗi kalma goma ya sake yin shiru.

Wani Ba'amurke mai suna Al Lovell, mai kamfanin Electra a jihar Indiana, shi ne ya fito da sikanar da ta fara karɓuwa a kasuwa cikin 1968, ya sa mata suna Bearcat. Na farko-farkon layi kamar takwas kaɗai suke ɗauka, kuma kowane layi sai an sayi wani ɗan ƙarau na musamman an soka masa a ciki. Wajen tsakiyar shekarun 1970 aka sami waɗanda ba su bukatar ƙarau, daga baya ma sai dai mutum ya danna lambar da yatsa. Kantunan Radio Shack suka cika ƙasar da su, tare da wani littafi mai suna Police Call wanda ya jera lambobin layukan kowane gari. Cikin shekarun 1980 kamfanin Uniden na Japan ya saye sunan Bearcat.

Mai karatu zai iya tambaya, ko mutum zai iya zama a Obalende ya ji direban New York, tun da yake ana jin London raɗau a Agege? Amsa ita ce a'a. Gajeren zango yana tashi sama ne ya bugi wani rufi na sararin samaniya ya dawo ƙasa can nesa, shi ya sa yake ƙetare teku. Rediyon motocin bas kuwa yana can sama da tashoshin FM, waɗanda ke tsakanin megahaz 88 da 108. Wasu garuruwan suna aiki wajen 150, wasu 450, wasu 800. Irin wannan zango miƙe yake tafiya kamar hasken tocila, dogon gini ko tudu na iya tare shi. Saboda haka hukumomi kan kafa na'ura a kan bene mafi tsawo, ta karɓi muryar direba mai rauni ta sake watsa ta da ƙarfi a kan gari duka. Wannan ce mai sikana ke kamawa, kuma in ya yi nisan 'yan mil kaɗan bayan gari, shi ke nan ta ɓace masa.

Mutum ɗaya da fasinja sittin

Kafin a gane abin da ke cikin wannan hira, sai an san halin da direban yake ciki. Hukumar sufuri ta MTA tana da motocin bas wajen 5,800 a New York, suna bin hanyoyi fiye da 300, kuma kafin annobar korona ta 2020 suna ɗaukar mutum sama da miliyan biyu a ranar aiki. Kowace hanya da harafin unguwarta: M na Manhattan, B na Brooklyn, Q na Queens, S na Staten Island, Bx kuma na Bronx, inda 'yan Zango na Gana da sauran mutanen Afirka ta Yamma suka yi sansani.

A cikin motar babu kwandasta, babu yaron mota. Direba shi kaɗai ne. Shi ne mai tuƙi, shi ne mai buɗe ƙofa, shi ne mai lura da wanda ya biya da wanda bai biya ba, shi ne kuma mai shan zagi in mota ta makara. Tun 1969 aka hana direbobin birnin riƙe kuɗin canji, saboda yadda 'yan fashi suka matsa musu. A lokacin aka ce fasinja ya jefa daidai kuɗinsa cikin akwatin da direba ba shi da mabuɗinsa. Wanda ya saba da danfo, inda in rigima ta tashi yaron mota da 'yan tasha za su taru a kanta, zai ga cewa wannan direba maraya ne. Abokin shawararsa guda ɗaya shi ne rediyon da ke gefensa, wanda ke haɗa shi da babban ɗakin lura da zirga-zirga a unguwar East New York ta Brooklyn.

Ba kuma ɗaukar abin magana yake yi ya fara surutu yadda ya ga dama ba. Da a ce direba dubu za su yi haka, da ba wanda zai ji wani. A yawancin manyan garuruwa maɓalli yake dannawa na neman izinin magana, lambar motarsa ta fito a allon jami'in da ke ɗakin lura, ya jira a kira shi. Akwai maɓalli na biyu na gaggawa, wanda ke tsallakar da shi gaban layi. Akwai kuma na uku a ɓoye, wanda zai taɓa ba tare da kowa a motar ya lura ba. Wannan na ranar da aka sa masa wuƙa ne. Da ya taɓa shi ofis zai sani, a motoci da yawa kuma allon waje da ke nuna inda motar ta nufa sai ya juye ya shiga roƙon masu wucewa su kira 'yan sanda.

Ba don ado aka yi wannan tanadi ba. A watan Disamba na 2008 wani fasinja da bai biya kuɗin mota ba ya daɓa wa direban hanyar B46 wuƙa a Brooklyn, bayan gardama a kan takardar sauya mota, direban ya mutu. Bayan haka ne aka dukufa sa wa direbobi shinge tsakaninsu da fasinja. Dokar jihar ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara bakwai ga wanda ya ji wa direban bas rauni, an kuma rubuta haka a jikin motocin, amma har yanzu ana tofa musu yawu, ana kai musu naushi.

Abin da ake ji

Gaskiya ita ce kashi mafi yawa na hirar ƙananan abubuwa ne. Ƙofar baya ta ƙi rufuwa. Wata babbar mota ta goge madubi ta wuce. Wata tsohuwa ta faɗi, ana neman motar asibiti. An manta jaka a kujerar baya. An tsinci yaro shi kaɗai a ƙarshen hanya, ya yi barci an sauka an bar shi. 'Yan kwana-kwana sun rufe titi, sai jami'i ya karanta wa dukkan motocin hanyar inda za su karkata da inda za su dawo. Ko kuma na'urar ɗaga keken guragu ta lalace, alhali ga mai keken yana jira a tasha cikin sanyi. Tun 1990 dokar Amurka ta wajabta wa motocin haya na hukuma su iya ɗaukar naƙasassu, don haka wannan ba abin da direba zai share ba ne.

Amma abin da tsofaffin masu saurare suka fi so shi ne kokawar da ake yi da wata cuta wadda duk mai shiga bas ya santa, ko a Ikko ko a London. Mutum ya yi rabin sa'a a tasha ba mota, can sai ga uku sun zo a jere kamar raƙuman ayari, ta gaba cike maƙil, ta baya ba kowa. Fasinja kan ce direbobin ne suka tsaya shan shayi tare. Ba haka ba ne. A ce an tsara mota ta riƙa zuwa kowane minti goma. Ta farko ta makara minti uku saboda cunkoso. Kafin ta iso tasha ta gaba, mutanen minti goma sha uku ne suka taru, ba na goma ba, ɗaukarsu kuwa zai ƙara cinye mata lokaci. A tasha ta gaba abin ya ƙaru. Ita kuwa ta bayanta tana tarar da mutanen minti bakwai ne kawai, sa'an nan na biyar, sa'an nan ba kowa, sai ta yi ta gudu har ta cim ma 'yar'uwarta. Ba wanda ya yi laifi, lissafi ne kawai, kuma in an bar shi ba ya gyara kansa.

Maganinsa yana hannun jami'in ɗakin lura da masu duba hanya. Sai a ce wa ta baya ta dakata a tasha, ko da fasinjojinta na tsaki. Ko a ce wa ta gaba ta daina ɗauka, ta sauke kawai. Ko a sa wata ta juye mutanenta cikin ta bayanta, ta yi kwana tun ba ta kai ƙarshen hanya ba, don ta toshe giɓin da ya buɗe a ɗaya hannun. Fasinjan da aka saukar a tsakiyar hanya gani yake an wulakanta shi. Mai sikana da ke zaune a ɗakinsa shi ya ji dalili, ya san an ɓata wa mutum ashirin rai ne domin kada ɗari biyu su kwana a tasha. Wani lokaci kuma yakan ji akasin haka: direba ya yi ta neman izinin magana ba a amsa ba, ko a ce babu motar da za a aiko domin babu direba. Irin wannan ba ya fitowa a sanarwar hukuma.

Ranar da gari ya rikice kuwa, layin bas ya fi jarida. A ƙarshen Disamba na 2010 dusar ƙanƙara mai zurfin inci 20 ta rufe New York, ɗaruruwan motocin bas suka maƙale a tituna, wasu da fasinja a ciki. A ƙarshen Oktoba na 2012 guguwar Sandy ta cika ramukan jirgin ƙarƙashin ƙasa da ruwan teku, aka tara motoci sama da 300 suna jigilar mutane tsakanin Brooklyn da Manhattan. Direbobin bas sun ratsa kowace unguwa, kuma aikinsu ne su faɗi abin da suka gani. Shi ya sa tun da daɗewa ɗakunan labarai na Amurka ba su rabuwa da sikana a kan tebur.

Halal a nan, haram a can

A Amurka doka ta bar mutum ya saurari layin da ba a kulle ba. Abin da dokar sadarwa ta 1934 ta hana shi ne ya watsa abin da ya ji ko ya ci riba da shi, kuma aikata laifi da taimakon sikana yana ƙara wa mutum hukunci a jihohi da dama. Jihar New York ta hana a ɗaura wa mota rediyon da ke kama layin 'yan sanda sai da izini. Wayar salula ce ta jawo babban takunkumi. Na farkon duk a buɗe suke, mai sikana na jin hirar miji da mata, da ta ɗan kasuwa da lauyansa. A 1986 aka haramta sauraronsu, daga 1994 kuma aka hana ƙera ko shigo da sikanar da ke iya kama su. Duk da haka a Disamba na 1996 wani mutum da matarsa a jihar Florida suka kama hirar Kakakin Majalisar Wakilai, Newt Gingrich, da manyan jam'iyyarsa, suka naɗa a kaset, maganar ta kai ga jaridu. An ci su tarar dala 500 kowannensu.

A Ingila kuwa abin da ban dariya. Kanti zai sayar wa mutum sikana, ba laifi. Amma in ya kunna ta ya saurari abin da ba domin jama'a aka watsa ba, ko da direban bas ne ke ba da labarin tayar da ta sace, ya karya dokar wayar iska ta 2006, wadda ta gaji ta 1949.

Ƙofa tana rufuwa

Idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya, kuma shekara talatin ke nan masu saurare suna sauya rawa. Da farko kowace ƙungiyar ma'aikata da layinta na dindindin. Da layuka suka yi ƙaranci sai aka kawo tsarin taron dangi: a tara layi kamar ashirin wuri ɗaya, kwamfuta ta zama kamasho, duk wanda ya tashi magana ta tura shi layin da ba kowa a lokacin. Tambaya na iya fita a layi na uku, amsarta a na goma sha biyu. Tsohuwar sikana sai ta riƙa kawo guntu-guntu. Sai a 1997 Uniden ta fitar da wadda ke bin umarnin kamashon ta bi hira duk inda ta koma. Aka koma mayar da murya lambobi irin na kwamfuta, masu ƙera sikana suka sake biyo sawu wajen 2002. A 2012 kuma wasu masu ƙwaƙwa suka gano cewa wani ɗan abin kallon talabijin da ake soka wa kwamfuta, na dala ashirin, yana iya zama sikana in an sa masa manhajar da ta dace.

A 2016 MTA ta ba da kwangilar kimanin dala miliyan 200 don sauya tsohon rediyon motocinta da wani tsari na Turai mai suna TETRA. Aikin ya ci shekaru fiye da yadda aka tsara. Sikanar kanti ba ta fassara wannan tsari. Inda duk aka koma kansa, ƙara kawai take ji. Bugu da ƙari, maganar kanta ta ragu. Tauraron ɗan'adam yana nuna wa ofis inda kowace mota take, umarni da yawa kuma a rubuce yake zuwa kan ɗan allon da ke gaban direba. Tsakanin 2012 da 2014 aka buɗe wa fasinjan New York hanyar duba inda motarsa take ta wayar hannu. Ya san inda take, amma bai san abin da ya tsayar da ita ba.

'Yan sanda sun wuce nan, su kulle layin suke yi gaba ɗaya. Na Chicago sun fara a 2022, suka bar wa jama'a ji ta intanet bayan jinkirin minti 30. Na New York sun fara daga Brooklyn a 2023, 'yan jarida suka yi ta kuka. Hujjar 'yan sanda ba ta banza ba ce. Bayan harin bam na gasar gudu a Boston cikin Afrilu na 2013, dubban mutane sun bi farautar maharan ta layin 'yan sanda, wasu suna watsa inda jami'ai suke, aka kuma laƙaba wa wani ɗalibi da ya ɓace laifin da bai san hawa ba bai san sauka ba. Amma abin da ya dace da mai farautar ɗan ta'adda ba lalle ne ya dace da motar haya ba. Bas na jama'a ne, da harajinsu aka saye shi, kuma babu wani sirrin ƙasa a cikin ƙofar da ta ƙi rufuwa.

Mu dawo gida

A Ikko, motocin BRT sun fara aiki ran 17 ga Maris 2008 tsakanin Mile 12 da CMS, aka kai su Ikorodu a 2015. Danfo kuwa rediyonsa shi ne maƙogwaron yaron mota. Amfanin a ce akwai kunnen da ke jin abin da ke faruwa cikin mota ya fito fili a Fabrairu na 2022, sa'ad da wata budurwa mai ɗinki ta shiga BRT daga wajen Lekki za ta Oshodi da dare. Da ta ga take-taken direban sai ta riƙa aika wa ƙawarta saƙon murya. Bayan kwanaki aka tsinci gawarta a gadar Carter. Saƙonnin nan sun taimaka wajen gano motar, kuma a Mayu na 2025 Babbar Kotun Jihar ta yanke wa direban hukuncin kisa.

Wanda sha'awar sikana ta kama shi a nan, ya sani Nijeriya ba Amurka ba ce. Dokar wayar iska ta 1961 ta ɗora amfani da irin waɗannan na'urori a kan lasisi, kuma ɗan Arewa da aka tare a shingen bincike da akwatin da ke fitar da muryar jami'an tsaro zai daɗe yana bayani.

Akwai kuma abin da ya shafi dubban 'yan'uwa masu gadi a gidaje da masana'antu da kasuwanni, waɗanda kamfani ya ba oba-oba. Yawancin ƙananan oba-oba masu araha a buɗe suke magana. Duk mai irinta da ya juya zuwa layi ɗaya, ko mai sikana a bayan katanga, yana ji raɗau, kuma mai magana ba shi da hanyar sanin ana jinsa. Saboda haka maganar cewa maigida ya yi tafiya sai mako mai zuwa, ko gobe ne za a kawo kuɗin albashi, ko yau mutum biyu ne kawai a ƙofar baya, ba ta oba-oba ba ce. Mai gadi ya taka ya je ya faɗa wa abokin aikinsa baki da baki.